Ranar da Kwamfuta Ta Riƙe Filash ɗin Malam Dakata

Sunansa na yanka yana nan a jikin katin da yake ratayawa a wuya, amma a ofishin kula da ma'aikata babu mai kiransa da shi. Tun daga mai gadi har Darakta, Malam Dakata ake ce masa, kuma yana amsawa. Daga bakinsa ya samo sunan. Duk wanda ya miƙa hannu zai zare filash daga jikin kwamfuta, ko a wace kusurwar ɗakin yake, sai ya ji murya a bayansa, a natse kamar ta likita: "Dakata." Daga nan sai wa'azi. Ba a fizge filash. Sai an gangara ƙasan allo, an danna 'yar alamar nan, an nemi izini, kwamfuta ta rubuto cewa ta sake shi, sannan a sa yatsu biyu a zaro a hankali. Wanda ya fizge, a wurin Malam Dakata, da shi da mai tsallaka katangar mutane duk tafiyarsu ɗaya.

Da tafireta ya fara aiki yana ɗan shekara ashirin da uku, a teburin da ke jikin taga, kuma har ranar da wannan abu ya faru teburin bai matsa ko taku ɗaya ba. Wanda ya koya masa sana'ar ya gaya masa cewa mai buga takarda nagari ido ne da yatsu kawai, kai ba ruwansa, don wanda ke karanta abin da yake bugawa ƙarshensa tsegumi. A duk karatun da aka taɓa yi masa, wannan ne ya fi zama. Zai buga maka shafi uku babu kuskure ko ɗaya, ka tambaye shi me ke ciki, ya dube ka ya ce, "Ni na rubuta?" Yana alfahari da wannan hali, yana kiransa riƙon amana.

Da kwamfuta ta shigo aka kwashe tafiretoci aka kai sito, sa'o'insa da yawa suka bi su, wasu aka mai da su ɗakin fayil, wasu suka yi ritaya da wuri. Shi ya cije ya koya, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Bai koyi abu da yawa ba: buɗewa, bugawa, ajiyewa, turawa firinta. A shekararsa ta biyu da kwamfuta wani abokin aiki mai gaggawa ya fizge masa filash ana tsakiyar ajiya, aikin wata guda ya tafi. Kwana uku Malam bai amsa gaisuwar kowa ba. A rana ta huɗu ya dawo da sabon filash da sabuwar aƙida.

Filash ɗin baƙi ne, bai kai tsawon babban yatsa ba. Ya saƙala shi a zoben makullansa, tare da makullin babur da na gida da na durowa. A cikinsa ya tara samfurin kowace wasiƙa da ofishin ke bayarwa: ta hutu, ta ƙarin girma, ta canjin wurin aiki, ta shaidar cewa wane ma'aikacinmu ne. Bai taɓa barin kwafin ko guda a cikin kwamfuta ba. Idan aka yi magana sai ya ce, "Kwamfuta ta ofis ce, filash nawa ne."

Ta haka duk mai neman takarda sai ya biyo ta teburinsa. Har benci aka ajiye masa a gefe, kuma bencin ba ya rabuwa da mutane. Manya masu furfura suna zama a kai suna tambayarsa ya iyali, ya ƙafar da ta yi ciwo bara. Shi kuwa sai ya karɓi buƙatar mutum, ya juya ta gaba da baya, ya ja numfashi irin na wanda aka ɗora wa dutse, ya ce, "Ka leƙo jibi." Jibin Malam Dakata yana iya kaiwa mako biyu.

Abin da shi kaɗai ya sani shi ne, wasiƙun nan gaba ɗayansu goma sha bakwai ne. A canza suna, a canza kwanan wata, a tura firinta: minti huɗu, idan firinta ba ta yi gardama ba. Sauran cikin filash ɗin hotuna ne da bidiyoyin gida da 'ya'yansa suka yi shekaru suna loda masa, dubbai. Ranar da wani ya leƙa ciki ya ga ƙanƙantar abin, ranar benci zai tashi, gaisuwa ta tashi, shi ma Allah kaɗai ya san inda za a ajiye shi. Wannan tsoron yake kwana da shi, yake tashi da shi. A gida kuwa yakan ce wa matarsa, "Ni idan na yi mura, ofishin nan ne ke tari." Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga masu tari iri-iri, sai ta ce, "Allah ya ƙara lafiya," ta ci gaba da abin da take yi.

Sai aka kawo sabuwar Darakta, mace marar hayaniya, mai tabarau. A watanta na farko ta roƙe shi ya juye wasiƙun a inda kowa zai samu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai bairos mai lalata kwamfuta a gari, bari ya lafa." A wata na biyu ta sake tambaya, ya ce yana kan tsara su. Ta ce, "To, Malam," ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ya koma teburinsa yana murmushi. Daraktoci biyar ya gani sun zo sun tafi, ta shida ce za ta gagare shi?

Ranar wata Litinin ta aiko masa da sanarwa a rubutun hannu, ya buga. Sanarwar ta ce daga ranar Alhamis an haɗa dukkan kwamfutocin ofis da ma'ajiya ɗaya, kuma duk filash ɗin da aka jona wa kowace kwamfuta, za ta kwafe abin da ke cikinsa kaf zuwa ma'ajiyar da kanta. Wanda ke da abin da ba ya so a gani, kada ya jona. Malam Dakata ya buga ta tsaf babu kuskure, ya sa haruffan sunansa a ƙasa kamar yadda ya saba, ya fitar da guda huɗu, ya je da kansa ya manna a allon sanarwa, har ya ja da baya ya gyara wadda ta karkace. Kowa a ofishin ya karanta ta, ban da mutum ɗaya. Ranar Laraba injiniya ya zo ya yi rabin awa a kan kowace kwamfuta. Abin da Malam ya tambaye shi kawai shi ne kada ya canza masa hoton da ke kan allo.

Ranar Alhamis da safe matarsa ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, ƙarfe uku motar su Inna za ta iso tasha. Ni sai shida zan tashi daga aiki. Ka ɗauko ta ka buɗe mata gida. Ka san gwiwarta, kada ka bar ta a tsaye."

"Sau nawa za ki faɗa?"

"Sau uku nake faɗa, don biyu kake mantawa."

Da safen nan bai jona filash ba, don duk waɗanda suka zo 'yan jibi ne. Ya sha shayi kofi uku, ya duba jarida. Sai ƙarfe biyu ya tuna da Direba, mai tuƙa motar ofis, wanda ya yi kwana tara yana sintiri kan takardar hutu, kuma a lokacin yana zaune a kan benci yana kaɗa makullin mota. Malam ya ciro zoben makullansa, ya jona filash, makullai suka yi reto a gefen kwamfuta. Cikin minti huɗu takarda ta fito, ta kwanta rub da ciki a bakin firinta. Bai taɓa ta ba. Ya yi niyyar ce wa Direba ya leƙo gobe, don takardar da aka samu da sauƙi ba ta da daraja.

Ya gangara ƙasan allo, ya danna 'yar alamar, ya nemi izini.

Kwamfuta ta rubuto cewa ba za a iya cire filash yanzu ba, ana amfani da shi, a rufe duk abin da ke amfani da shi a sake gwadawa.

Bai damu ba. Ya rufe wasiƙar, ya sake dannawa. Amsa ɗaya. Ya rufe wurin da ake ganin jerin fayiloli, ya sake. Amsa ɗaya. Ya waiga hagu da dama, ya rufe wasan kartar da yake ɓoyewa a bayan aiki tun safe, ya sake. 'Yar fitilar da ke jikin filash ɗin tana ta ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, alamar kwamfuta na ta kwasar kaya, amma shi a ganinsa taurin kai ne kawai.

"Malam, ya ƙi fita ne?" in ji Direba.

"Ba ƙi ya yi ba. Bai shirya ba ne."

"To fizge shi mana. Ni shekara biyar ina fizge na waƙoƙina a mota, ko tari bai taɓa yi ba."

"Shi ya sa kake tuƙi, ni nake nan."

Direba ya yi dariya, ya gyara zama. Bara Malam ya tsayar da shi gaban mutane ya yi masa wa'azin kwata guda kan fizge filash, bai manta ba, kuma yau ba shi da inda za shi.

Sakatariyar Darakta ta fito da fayil a hannu, ta ga abin da ake ciki, ta leƙa allo. Mace ce mai tausayi daidai gwargwado.

"Malam, ai ina jin wannan abin nan ne na sanarwar ranar Litinin..."

"Wa ya buga sanarwar?"

"Kai ne."

"To ni za ki gaya wa abin da ke cikinta?"

Ta dube shi, ta dubi Direba. Direba ya ɗaga kai yana nazarin fanka. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam," ta jawo kujera ta zauna, fayil ɗin a cinya.

Ƙarfe uku saura kwata ya gwada duk abin da ya sani da wanda ya taɓa gani ana yi. Ya jira minti biyar da agogo ya danna. Ya danna da maɓallin dama na mawus, linzamin kwamfuta, maimakon na hagu. Ya sunkuya ya hura wa filash ɗin iska. Ya tuna ya taɓa ganin injiniya ya danna maɓallai uku tare, sai jerin ayyukan da kwamfuta ke yi ya bayyana. Ya gwada, ya dace. Sunaye suka zubo masa, sun fi hamsin, bai san ko ɗaya ba, na saman yana nuna kashi talatin da ɗaya cikin ɗari. Ya yi maza ya rufe, kamar wanda ya buɗe ƙofar ɗakin da ba nasa ba.

"Duba lafiyarsa take yi," ya sanar da jama'a. "Kwamfuta mai hankali haka take."

"Ƙwarai kuwa," in ji Sakatariya. "Sosai take dubawa."

Uku da minti goma waya ta yi ƙara.

"Baban yara, kana ina? Inna ta sauka."

"Ga ni nan tafe. Wani ɗan aiki ne ya riƙe ni."

"Wane aiki?"

"Na kwamfuta ne, ba za ki gane ba."

"Na gane tsohuwa tana tsaye a rana da jaka biyu. Wannan kam na gane."

Ya ajiye waya, ya dubi makullin babur yana lilo a jikin zoben. Ya sa farce zai buɗe zoben ya zare shi, filash ɗin ya ɗan motsa a raminsa. Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Kawo in cire maka makullin, farcena ya fi naka," in ji Sakatariya.

"Kada ki taɓa."

"To ka kashe kwamfutar gaba ɗaya. Injiniya ya ce idan an kashe ta, ana iya zare komai lafiya."

Wannan shawara ce ta gaskiya, kuma ya san haka. Abin da ya ba shi haushi shi ne daga bakin da ta fito. Ya ɗan jinkirta don kada a ce ita ta koya masa, sannan ya danna wurin kashewa. Allo ya dushe, sai kwamfuta ta rubuto cewa akwai aikin da bai ƙare ba, idan aka kashe yanzu ana iya rasa wani abu. A kashe duk da haka, ko a fasa? Ya sake karanta kalmar rasawa. Ya tuna aikin wata gudan nan da ya tafi, ya tuna kwana ukun da ya yi ba ya magana. Ya danna a fasa. Kwamfuta ta koma bakin aikinta, shi kuma ya koma gadin ta.

Ko ya bar makullai ya hau motar haya? Ya auna wannan ma. Amma ya tafi ya bar filash a jone, buɗe, tsakanin Direba mai hannun fizga da Sakatariya mai idon karatu? Gara a ce ya bar gidansa a buɗe ranar kasuwa.

Direba ya miƙe yana miƙa. "Malam, mu yi ciniki. In ɗauko maka Hajiya a motar ofis, dama zan je shan mai. Kai kuma takardata ta fito yau."

Malam ya miƙa hannu bakin firinta ya ɗauko takardar ya ba shi. Direba ya juya ta, ya taɓa ta da bayan hannu, ya ji ta daɗe da hucewa.

"Ikon Allah. Ashe jibi tana kwance a nan tun ɗazu."

"Je ka, tana jira."

"In kai ta ina? Makullin gidan ga shi can yana reto."

Haka aka yi, ƙarfe huɗu saura surukar Malam Dakata ta shigo ofishin kula da ma'aikata, tana dogara sanda, Direba na biye da jakunkuna biyu. Malam ya zame daga kujera ya durƙusa ya gaishe ta, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan tebur kusa da filash. Ta amsa ba tare da ta dube shi ba, kamar yadda ta saba shekara ashirin da shida. Aka ba ta benci, aka kawo ruwa. Ta sha, ta ƙare wa ɗakin kallo, sannan ta juya ga Sakatariya, don ita ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye sai da dalili mai ƙarfi.

"'Yar nan, me yake yi ne?"

"Jira yake, Inna. Kwamfuta ta riƙe masa abu."

"Wane abu?"

Sakatariya ta nuna. Tsohuwa ta ƙanƙance ido.

"Wannan ɗan mitsitsin? Na zaci yatsansa ne ya maƙale." Ta gyara mayafi. "To dama wannan ne aikin da ake ce min ya hana shi zuwa duba ni da na kwanta? Ni na ɗauka ɗagawa ake yi, ana saukewa."

"Aikin kai ne, Inna," in ji Direba.

"Na ga alama. Kan ma ya yi gumi."

Lokacin tashi ya yi, ba wanda ya tashi. 'Yan ɗakin fayil suka leƙo neman abin da ba su ajiye ba. Mai gadi ya zo tambayar ko a rufe tagogi, ya tsaya. Darakta ta fito da jakarta, ta gaishe da tsohuwa cikin ladabi, ta dubi fitilar da ke ƙyaftawa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta wuce.

A nan ne kofi ukun nan na shayi suka fara neman haƙƙinsu. Da farko ya harɗe ƙafa. Ya sauke, ya harɗe ɗayar. Ya fara kaɗa gwiwa yana kallon rufi, yana danna alamar duk bayan minti ɗaya, kwamfuta na ba shi amsar da ta saba. Banɗaki yana ƙarshen baranda, taku arba'in zuwa, arba'in dawowa. Bai taɓa sanin ya ƙirga su ba sai ranar.

Tsohuwa ta haifi takwas ta yi renon jikoki, ba a ɓoye mata irin wannan. Ta ce wa Sakatariya, "Ki gaya masa ya je. Ni zan tsare masa abin."

Ya dubi fuskokin da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu duka, ita kaɗai ce ba ta iya kwamfuta ba, ita kaɗai ce kuma ba wanda zai iya tsallake wa. Ya ce, "Na gode, Inna," murya ƙasa-ƙasa. Ta miƙa sandarta ta gindaya a kan madannai. Ya fita da tafiyar da ba gudu ba, ba kuma tafiya ba.

Da ya dawo ya tarar da sanda a inda take, ɗaki tsit, kowa ya haɗiye dariyarsa. Fitilar filash ta daina ƙyaftawa, don kwamfuta ta gama kwafe komai, har hoton ƙarshe. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya danna. Kwamfuta ta rubuto cewa yanzu ana iya cirewa lafiya.

Ya sa yatsu biyu ya zaro shi, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani. Ƙarfe biyar da minti ashirin.

"Kun gani ko? Awa uku da minti ashirin, ban fizge ba. Da na bi ta wasu," ya harari Direba, "da yanzu ana zaman makoki. Abin da nake gaya muku kullum ke nan. Ka ba ta lokacinta, ta gama abin da take yi."

"Ta kuwa gama, Malam," in ji Sakatariya. "Tas."

Washegari ya iso da wuri, ya goge tebur, ya zauna jiran masu zuwa jin labari. Har ƙarfe goma babu kowa a kan benci. Sai ya ga mai gadi ya fito daga ɗakin Sakatariya yana hura wata takarda. Ya kira shi, ya karɓa. Takardar shaidar aiki ce, tsarinsa ne sak, har da layin da yake ja a ƙarƙashin kwanan wata.

"Yaushe ka nema?"

"Yanzu, Malam. Ko zama ban yi ba."

Bai ƙwanƙwasa ƙofar Darakta da kyau ba ya shiga.

"Ranki ya daɗe, an shigar min filash. An yi min sata a cikin ofishin nan."

Ta cire tabarau, ta nuna masa kujera. Ta jawo takarda daga tire ta miƙa masa.

"Karanta min wannan, Malam. Da ƙarfi, idona ya gaji."

Ya fara da murya irin ta mai ƙara. A layi na uku muryar ta ragu. A layi na biyar, inda aka ce wanda ke da abin da ba ya so a gani kada ya jona, sai leɓe kawai ke motsi. A ƙasa ga haruffan sunansa, inda ya sa su da hannunsa.

"Ni fa har na ji daɗi jiya," in ji Darakta. "Na ce Malam da kansa ya buga sanarwa, ya manna, ya kawo filash ya jona, ya zauna awa uku yana gadi har aka gama, bai bari kowa ya katse ba. Na shirya gode maka a taron ƙarfe sha biyu. Ko kuskure na yi? Ba ka san abin da ke cikin takardar ba ne?"

Ta tsaya tana jiran amsa, fuskarta babu komai. Ya duba hanyoyin biyu. Ko ya ce bai sani ba, ofis ya ji cewa mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana buga takardu ya manna wa kansa tarko a allo bai karanta ba. Ko ya ce ya sani, ya sa hannu a kan kyautar da bai yi ba.

"Dama... haka ne, ranki ya daɗe. Da sanina na yi. Na ga lokaci ya yi."

"Madalla. To maganar sata fa?"

"Zolaya ce."

"Na ce ko. Abu ɗaya kawai: Sakatariya ta ce wasiƙu goma sha bakwai ta gani. Akwai saura a wani wuri?"

"Su ke nan."

"Su ke nan," ta maimaita, ta rubuta wani abu. "Hotunan iyali an goge su daga ma'ajiya, kada ka damu. Tunda yanzu wannan nauyin ya sauka daga kanka, akwai tsofaffin fayiloli a sito, na shekara arba'in, ana so a buga su a kwamfuta. Ba mu da mai saurin hannunka. Litinin sai a kai maka teburinka can."

A taron ƙarfe sha biyu aka ce ya miƙe. Darakta ta yi magana kan sadaukarwa da son ci gaban ofis, ta ce a yi koyi da Malam. Aka tafa. Direba, wanda hutunsa ya fara tun safe amma ya zo musamman, shi ya fi kowa tafi, har da miƙewa tsaye. Malam ya ɗan rusuna, ya ce ai yi wa kai ne.

Da aka watse ya karɓi makullin sito ya je ya duba. Ɗaki ne mai ƙwan lantarki ɗaya da taga ƙarama can sama. Kwalaye jere har rufi, kowanne an rubuta shekara a jikinsa. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa, ya kai ɗari biyu da goma sha ɗaya, bai kai bango ba.

Da yamma a gida, bayan an ci abinci, ya gyara murya ya ce wa matarsa an yaba masa a gaban kowa, an kuma ba shi sashe guda, ofis nasa shi kaɗai. Tsohuwa tana gefe tana shafa wa gwiwarta magani, ba ta ɗago ba.

"Kai, masha Allah," in ji matar. "Nawa aka sa a ƙarƙashinka?"

Ya kurɓi ruwa, ya ajiye kofin a hankali.

"Sun fi ɗari biyu," ya ce. "Kuma babu mai gardama a cikinsu."